Baƙon da Ya Shigo Ba Takarda

Jawabi ga dattawan ikilisiya, zumuntar mata da matasa

 

Maganata yau a kan baƙin haure ce, wato mutanen da suka ƙetaro iyaka suka shigo ƙasarmu ba takarda. Sunan kansa yana da nauyi, gama baƙon haure shi ne wanda ya haura katanga, bai bi ta ƙofa ba. Da zarar an kira mutum haka, an riga an sa masa rigar ɓarawo. Akuya ta ɓata, a ce su ne. Kuɗin ƙodago ya faɗi, a ce su ne.

Bari mu waiwayi baya kaɗan. A watan Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Da yawansu 'yan Najeriya ne, Yarabawa da Hausawa, waɗansu ma a can aka haife su. Suka bar shaguna da gonaki suka taho. A watan Janairu 1983 kuma, gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan umarni a nan, mutane fiye da miliyan ɗaya suka fita, yawancinsu 'yan Gana. Jakar nan da muke kira Gana-mas-go, daga nan ta samo sunanta. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Mu ma rawar ta zo kanmu. A 2014, Boko Haram ta kama Gwoza da Mubi, har da hedkwatar EYN a Kwarhi. 'Yan'uwanmu masu bi da maƙwabtansu Musulmi suka hau duwatsun Mandara da yara a baya, suka faɗa Kamaru. Wa ya tsaya neman fasfo? Dubbai suka sami mafaka a sansanin Minawao kusa da Mokolo. Daga 2017 kuma, rikicin yankin masu Turancin Ingilishi ya koro mutanen Kamaru zuwa Taraba, Binuwai da Kuros Riba.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. A Littafin Firistoci sura 19, Ubangiji ya hana Isra'ilawa cutar baƙo, ya tuna musu da zamansu na Masar. Rut mutuniyar Mowab ce, da kala ta fara a gonar Bo'aza, ta kuwa zama kakar kakannin Mai Cetonmu. Yusufu da Maryamu da dare suka gudu da jariri Yesu zuwa Masar saboda Hirudus.

Na san abin da ke ran waɗansunku: a wannan zamani na masu satar mutane, ta yaya za mu karɓi wanda ba mu sani ba? Tsoron nan ba wauta ba ne, mun binne mutane. Romawa 13 ma ta umarce mu mu yi biyayya ga hukuma. Amma binciken takarda aikin hukuma ne, yunwar baƙo kuwa tamu ce. Saboda haka ina roƙonku abu huɗu.

Na ɗaya, kada a ɓoye baƙo. A kai shi wurin mai unguwa ko dagaci, a san sunansa da garinsu. Wannan kāriya ce gare mu, kāriya ce gare shi.

Na biyu, a tambaye shi abin da ya koro shi. Wanda ya gudo daga yaƙi ɗan gudun hijira ne, doka ta hana a mayar da shi inda ransa yake cikin haɗari. Dattawa su raka shi wurin jami'an shige da fice ko hukumar 'yan gudun hijira, a yi masa rajista.

Na uku, wanda ya ɗauki baƙo noma ya biya shi cikakken hakkinsa. Akwai masu cewa, “In ka yi magana zan kira maka jami'ai.” Ɗan'uwa, wannan sata ce, ko da ka kawo zakkarta coci ranar Lahadi.

Na huɗu, ga matasa: in ana zargin baƙo da laifi, a miƙa shi ga hukuma. Kada mu ɗauki doka a hannunmu, kada kuma laifin mutum ɗaya ya shafi kabilarsu duka.

Iyaye mata, in kun haɗu da matar baƙo a bakin rijiya, ku fara gaishe ta. Ku bar yaranta su zauna tare da namu a makarantar Lahadi. Mudu ɗaya na dawa ba zai rushe rumbu ba.

Ubangiji ya ba mu hikima da zuciyar jinƙai. Mu yi addu'a.