Ken Saro-Wiwa da Wasan Basi and Company: Abin Koyi Ga Mazauna Birni



Da aka nemi in yi jawabi a wannan zama, na san wasu za su zaci zan yi magana a kan rijiya ko asibiti ko makaranta. To, waɗannan akwai waɗanda suka fi ni saninsu a cikin wannan zaure. Ni na zaɓi in kawo muku tarihin aikin wani marubucin wasan kwaikwayo na barkwanci, mutumin da ya shekara kusan biyar yana sa Nijeriya dariya ta akwatin talabijin, daga bisani kuma ya rasa ransa a kan al'amarin ƙasar haihuwarsa. Sunansa Ken Saro-Wiwa. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 ba za su manta da shirinsa mai suna Basi and Company ba. Ni kaina a ɗakin wani maƙwabcinmu na riƙa kallonsa, mu fi goma a gaban ƙaramar talabijin marar launi, muna addu'ar kada a ɗauke wuta.

An haife shi ranar 10 ga Oktoba, 1941, a garin Bori na ƙasar Ogoni, cikin Jihar Ribas ta yanzu. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, sannan ya wuce Jami'ar Ibadan inda ya karanta Ingilishi. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ya ƙi bin Biyafara, ya tsaya tare da gwamnatin tarayya, aka naɗa shi kantoman garin Bonny yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Bayan nan ya zama kwamishina a Jihar Ribas, har aka sauke shi a 1973. Maimakon ya zauna yana bin ofisoshi yana neman a sake ba shi muƙami, sai ya shiga kasuwanci: ya buɗe kantin kayan masarufi, ya kuma shiga harkar gidaje da filaye. Ku riƙe wannan, domin a nan sirrin abin da ya biyo baya yake. Dukiyar da ya tara a kasuwa ita ce ta ba shi ikon kafa kamfaninsa na ɗab'i mai suna Saros International, ya buga littattafansa da kansa, ya kuma shirya wasansa ba tare da ya zama yaron kowa ba.

Asalin Basi ya girmi talabijin ɗin da ya yi suna a cikinta. Tun farkon shekarun 1970 Saro-Wiwa ya rubuta wani wasan rediyo mai suna The Transistor Radio, wanda gidan rediyon BBC ya watsa. Wannan iri ne ya ajiye fiye da shekara goma, ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1980, ya mai da shi shirin mako-mako a gidan talabijin na ƙasa, wato NTA. Shirin ya ci gaba har 1990, an yi kashi wajen 150, kuma an ƙiyasta masu kallonsa sun kai miliyan 30 a lokacin da yake tashe. Shi ne marubucin, shi ne kuma mai shiryawa, wato mai neman kuɗi, mai ɗaukar 'yan wasa, mai tabbatar da cewa kaset ya isa gidan talabijin a kan kari. A Inugu ake ɗaukar shirin, ko da yake labarin a Legas yake faruwa, a wani layi da ake kira Adetola.

Irin wannan wasa yana da ƙa'idarsa. Mutanen ba sa canzawa, wurin ba ya canzawa, matsalar ce kawai take sabuwa kowane mako, kuma dole a ƙulla ta a warware ta cikin kusan rabin sa'a. Basi, wanda ake yi wa laƙabi da Mr B, matashi ne marar aikin yi, mai kwana a ɗaki ɗaya da yaronsa Alali, ga bashin kuɗin haya ya yi masa katutu a wurin mai gidan, wata hamshaƙiya da ake kira Madam. Amma duk da haka bai taɓa shakkar cewa gobe zai wayi gari miloniya ba. Akwai Dandy mai mashaya, da Josco, da Segi, kowannensu idonsa na kan aljihun ɗan uwansa. Kowane mako Basi zai ƙirƙiro wata dabarar samun kuɗin banza, sauran su shigo don su yi masa ƙafar ungulu, a ƙarshe kowa ya tashi a tutar babu. Albert Egbe ne ya fara fitowa a matsayin Basi, daga baya Zulu Adigwe ya karɓe shi, Aso Douglas kuma ita ce Madam.

Me ya sa wannan wasa ya shiga zukatan mutane haka? Dalili na farko shi ne ya zo a kan gaɓa. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya koya wa mutane cewa ana iya yin arziki ba tare da gumi ba, ta hanyar kwangila da lasisin shigo da kaya da sanin manya. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, kuɗin ya tafi amma kwaɗayin ya zauna. Kowane layi a kowane birni yana da Basinsa. Mai kallo yana dariya, amma ya san wanda ake nufi, wani lokacin ma shi ne.

Dalili na biyu, marubucin ya ɗebo daga tatsuniya. A kudancin ƙasar nan kunkuru ne gwanin wayo da haɗama, kamar yadda Gizo yake a wurinmu. Basi Gizo ne da ya sa riga da wando ya shiga Legas: wayonsa ya fi hankalinsa yawa, kuma kullum tarkon da ya ɗana shi yake kama shi. Saro-Wiwa da kansa ya kira littafin da ya fitar daga wasan a 1987 tatsuniyar Afirka ta zamani.

Dalili na uku shi ne wata shawara da ya yanke wadda ta saɓa wa al'adar lokacin. Shahararrun wasannin wancan zamani, irin su The New Masquerade na su Zebrudaya, da karin harshen ƙabilu da gurɓataccen Turanci suke ba da dariya. Shi kuwa ya sa 'yan wasansa su yi daidaitaccen Ingilishi, don yara masu kallo su ƙaru, ya kuma ba su sunayen da ba za ka ce ga ƙabilarsu ba. Saboda haka ba wanda zai ce da mutanensu ake, ba kuma wanda zai ce ban da su. Mutumin da ya rubuta littafin Sozaboy a 1985 da karyayyen Turanci da gangan, ya san abin da yake yi da ya guje shi a talabijin. Mu ma a Arewa mun ga irin wannan basira a wurin Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da Usman Baba Pategi na shirin Samanja, wanda ya rasu a 2023. Sun nuna mana cewa maganar da ba ta faɗuwa a gaban manya tana faɗuwa cikin raha.

A 1990, shekarar da shirin ya tsaya, aka kafa ƙungiyar MOSOP mai fafutukar 'yancin Ogoni, ya zama kakakinta, daga baya shugabanta. Kukansu shi ne man da ake haƙa a ƙasarsu ya lalata gonaki da koguna, su kuwa ba su ga amfaninsa ba. Ranar 4 ga Janairu, 1993, kimanin mutum 300,000 suka yi zanga-zangar lumana. A watan Mayu na 1994 aka kashe wasu shugabannin Ogoni huɗu, aka kama shi da wasu, wata kotu ta musamman ta yanke musu hukuncin kisa a shari'ar da duniya ta yi tir da ita. An rataye shi da mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba, 1995, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, abin da ya sa ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila ta dakatar da Nijeriya. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya ce tsabtace ƙasar Ogoni na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A watan Yuni na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da yi musu afuwa tare da ba su lambar girmamawa ta ƙasa, ko da yake magoya bayansu sun ce wanke su ya kamata a yi, domin mai laifi ake yi wa afuwa.

To, 'yan uwa, ina ruwanmu da wannan labari? Ruwanmu biyu ne. Na farko, Basi bai mutu ba, ya dai sayi waya. Yana nan cikin masu damfara ta intanet da masu tallan jarin da ake cewa zai ninka cikin wata guda. Mu mazauna birni muna da hannu wajen renonsa. Idan muka zo gida da sallah cikin motar aro da shaddar bashi, yaron da ke kallonmu yana koyon cewa birni wurin tsintar kuɗi ne. Idan muka ba da kujerar gaba ga wanda ba mu san sana'arsa ba, mun gaya wa yaron nan cewa tambaya ba ta da amfani. Mu riƙa faɗa wa ƙannenmu gaskiyar kuɗin haya da kuɗin mota da shekarun da muka yi muna kwana a shago.

Na biyu, idan ɗanku ko 'yarku ta ce rubutu ko shirya wasa take so, kada ku ce shashanci ne. Ku gaya mata yadda wannan mutum ya yi: ya yi karatu mai zurfi, ya kama sana'ar da ta riƙe shi, ya zauna ya rubuta kashi bayan kashi shekara da shekaru, kuma da sunansa ya yi nauyi, mutanensa ya ɗora a kai. Ba kowa ake nema ya ba da ransa ba. Abin da ake nema shi ne wanda ya sami ilimi ko suna ko dukiya a birni ya tuna inda aka binne cibiyarsa, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi.