Kasafin Kuɗin Jiha Ma Ciniki Ne: Jawabin da aka gabatar a taron cikar shekara na ƙungiya, Batterie IV, Libreville

 

Na san wani zai ce mu da ke zaune a Gabon, ina ruwanmu da kasafin kuɗin wata jiha a Najeriya? Ruwanmu ne, domin kaya ba a Mont-Bouët suke farawa ba. Kafin buhu ya ga Kyé-Ossi, sai ya bi hanyar ƙauye, ya kwana a kasuwa, an yanka masa rasit. Kwastan da manyan tituna na gwamnatin tarayya ne, amma hanyar ƙauyen, da asibitin da iyalanmu ke zuwa, da makarantar 'ya'yanmu, galibi suna jiran abin da majalisar jiha ta amince da shi.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da waɗanda aka haifa a nan, ku lura da bambanci. A Gabon da Nijar naɗa gwamna ake yi daga babban birni. A Najeriya zaɓensa ake yi, kuma yana da majalisar dokoki wadda ita ma zaɓaɓɓiya ce. Shi ke kawo kasafi, su ke amincewa. In shekara ta kama ba su amince ba, tsarin mulki ya ba shi damar taɓa baitulmali na wata shida kawai, shi ma gwargwadon abin da aka amince a kashe bara. To yaya ke nan in gwamna yana jam'iyya ɗaya, masu rinjaye a majalisa suna wata?

An ga haka a tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin Katsina da Zariya duk suna cikinta. A 1979 Alhaji Balarabe Musa ya ci gwamna a PRP, NPN kuma ta kwashe kujeru 64 cikin 99 na majalisa. Ya kai sunayen kwamishinoni suka ƙi, ya sake kaiwa suka sake ƙi. Shi ya ce ba zai sa 'yan NPN a gwamnatinsa ba, su kuma suka ce to ba mai wucewa. Kusan shekara biyu jiha na tafiya babu kwamishina ko ɗaya, har suka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981. Har ya koma ga Allah a 2020 mutane na yabon gaskiyarsa, ni ma ina cikinsu. Sai dai kowa a ɗakin nan ya san ɗan kasuwar da ba ya ragi ko na sisi, ya kuma san yadda kayansa ke kwana.

Sakkwato ta shiga irin wannan hali a 2019. Aminu Waziri Tambuwal na PDP ya ci zaɓe da ratar ƙuri'a 342 kacal, bayan an yi zagaye na cike gurbi. A majalisa kuwa APC ke da kujeru 16, PDP 14. Duk mai lissafi ya zaci Kaduna za a maimaita. Amma tun ranar rantsar da majalisa a watan Yuni aka yi ciniki. 'Yan PDP ba su tsayar da nasu kakaki ba, sai suka mara wa wani ɗan APC baya, Aminu Manya Achida, ya kayar da wanda jam'iyyarsa ta so. Mataimaki ya fito daga PDP. Kowane ɓangare ya rasa wani abu: gwamna bai sami ɗan jam'iyyarsa a kujerar kakaki ba, APC ba ta sami mutumin da ta zaɓa ba. Kasafin 2020, na naira biliyan 202 da 'yan kai, ya wuce, na shekarun baya ma haka, gwamna ya ƙarasa wa'adinsa a 2023. Ku tuna wane lokaci ne wannan. An rufe iyakoki a Agusta 2019, ba a buɗe Illela ba sai Disamba 2020, ga korona a tsakani. Da rikicin majalisa ya haɗu da waɗannan, da masu jigila tsakanin Illela da Ƙonni sun ji a jikinsu fiye da yadda suka ji.

Wasu za su ce ba sulhu ba ne, dabara ce ta gwamnan da ya taɓa zama kakakin majalisar wakilai, kuma ga shi daga baya Achida ya koma PDP. Ban musa ba. Ciniki dama ba wa'azi ba ne. Kuma wanda ke ganin dabara ta yi yawa, ya dubi Jihar Ribas. A Disamba 2023 Gwamna Fubara ya kai kasafin naira biliyan 800 gaban 'yan majalisa huɗu, ya tsallake mafi rinjaye. Kotu ta soke shi, a Fabrairu 2025 Kotun Ƙoli ta hana sakar wa jihar kasonta, a Maris aka ayyana dokar ta-ɓaci.

Abin da ke damuna da sulhun 'yan siyasa guda ne: wa ya biya la'ada? In dillali ya sasanta mai saye da mai sayarwa, kowa ya san abin da ya ci. A majalisa kuwa, sau da yawa kasafi na wucewa lami lafiya ne saboda an raba motoci da kwangilar mazaɓu, mu kuma da ake karɓar harajinmu ba mu wurin da aka tafa hannu. Shirun majalisa shi kaɗai ba shaida ba ne cewa an yi wa kasuwa adalci.

Shi ya sa nake kawo wa shugabanni shawara. Gwamnoni kan kai kasafi majalisa a ƙarshen shekara, daga nan ya shiga hannun kwamitoci. Kafin lokacin, mu rubuta takarda ɗaya ga kwamitin kasafi na kowace jiha da muke da mambobi masu yawa, mu ambaci hanya da sunanta, kasuwa da sunanta, da rasit nawa ake yanka wa mota ɗaya. A miƙa kwafi ga shugaban masu rinjaye, a miƙa ga shugaban marasa rinjaye, rana ɗaya. A cikinmu akwai 'yan kowace jam'iyya, don haka kowa ya sa hannu ya kai wa nasa. Ina roƙon sakatare ya sa wannan cikin ajandar zama na gaba.