DON ME MUKE RAYE?



Yau ikilisiyarmu ta cika shekara 50. Yabo ya tabbata ga Ubangiji.

A 1893 Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko domin kawo bishara Arewa. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. A idon mutum, wahalar banza ce. Amma waɗansu suka bi sawunsu. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, ga mu yau muna sujada da harshenmu a ƙasar Daura. Ran da aka miƙa wa Allah ba ya zama hasara.

Mu ma muna da namu gwaji. Lahadi ce ranar kasuwar Mai'adua, ita ce kuma ranar sujada. Ciniki ba zunubi ba ne, amma shanu sukan mutu, kuɗi sukan ƙare. Me muka sa gaba?

Matasa, ku ji. Bangaskiya ba gona ba ce da za a gada. Dole kowa ya karɓi Yesu da kansa, in ba haka ba kujerun nan za su zauna wayam.

Ubangiji ya riƙe mu da aminci. Amin.