Filin da Ba na Sayarwa Ba

Jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatanmu na sashen aikin gona ya gabatar a taron dattawan ikkilisiya, Zumuntar Mata da matasa.

An ce in yi magana a kan filayen da ke kewaye da gari, waɗanda ba a noma ba a gini a cikinsu. Zan fara da labarin wani birni mai nisa, sa'an nan mu komo gida.

A ƙasar Amurka, cikin jihar Arizona, akwai birni da ake kira Phoenix. A tsakiyar hamada yake. Ruwan saman da yake samu a shekara bai cika wuce milimita 200 ba, wato ko kashi ɗaya cikin uku na abin da Kano take samu bai kai ba. Duk da haka mutane sun yi ta tururuwa zuwa can. A 1950 mutanen birnin sun ɗan haura 100,000. Da aka yi ƙidaya a 2020 sun kai miliyan 1.6. Ku da kanku kun san inda duk waɗannan suka kafa gidajensu: a kan jejin da ke gefen gari.

Amma akwai wuraren da gini bai ci ba har wa yau, kuma ba sa'a ce ta hana ba. Tun a 1924, sa'ad da Phoenix yake ƙaramin gari, shugabanninsa suka sayi kimanin eka 13,000 na duwatsun da ke kudu da gari daga hannun gwamnatin tarayya, a kan dala 17,000 ko kusa da haka. Suka ce wannan na kowa da kowa ne. A lokacin ba wanda yake ƙyashin wurin, shi ya sa ya samu da araha. Yau gidaje sun kai har gindin duwatsun, amma ba su hau ba.

Maƙwabcin Phoenix, wani gari mai suna Scottsdale, bai farka da wuri haka ba. Sai da gine-gine suka doshi duwatsun McDowell kafin wasu mazauna garin suka haɗa kai wajen 1991. A 1995 jama'a suka jefa ƙuri'a suka ɗora wa kansu haraji na shekara 30 a kan sayayya. Idan da kuɗinmu ne, naira 2 ke nan a kan kowace naira 1,000. A 2004 suka sāke ƙara wani a kai. Da wannan kuɗi suka yi ta sayen jeji kaɗan kaɗan, har ya zarce eka 30,000, da hanyoyin ƙafa fiye da mil 200. Ɗaruruwan 'yan sa kai ne suke gyara hanyoyin, suna sa ido, ba tare da albashi ba. Da aka taso da maganar yin wani babban gini a ciki, sai gari ya rabu biyu. A 2018 suka sāke yin ƙuri'a, suka kafa doka cewa ba mai yin sabon gini a filin sai da yardar jama'ar gari.

Me ya sa suka wahalar da kansu haka? Ƙasar hamada ba ta warkewa da sauri. Akwai wani tsiro mai ƙaya a can, ana ce da shi saguaro, yana kama da ƙerana amma ya fi ɗaki tsawo. Yakan yi shekara 50 ko fiye kafin ya fitar da reshe na fari. Katafila za ta ture shi cikin minti ɗaya, amma wanda ya ture shi ba zai ga madadinsa ba. Ban da haka, ruwan hamada idan ya zo da ƙarfi yake zuwa, kuma ba ya manta hanyarsa. Wanda ya yi gini a kan kwari, ruwa zai same shi har ɗaka.

Na san abin da wani zai ce a ransa: ai su masu kuɗi ne, yawon shan iska suke yi a hanyoyin nan. Gaskiya ne. Amma ku duba, 'yan'uwa. Idan mutanen da ba sa cin abinci daga jeji sun biya kuɗi domin su tsare shi, ina ga mu? A wurinmu hanyar ƙafa ita ce hanyar rafi da ta kasuwa. Burtali shi ne ke raba shanu da amfanin gona. A fili ne awakin gwauruwa suke kiwo, a can mata suke samun itace da ganyen miya, a can yaranmu suke wasa. Ranar da aka yanka burtali aka yi fuloti, shanu ba za su yi fiffike ba. Ta gonar wani za su bi, kuma mun san irin hawayen da wannan ya jawo a ƙasarmu.

Maganar Allah ba ta yi shiru a kan wannan ba. A Littafin Ƙidaya sura 35, Ubangiji ya umarta a ba Lawiyawa garuruwa, a kuma auna fili kewaye da kowane gari domin dabbobinsu. A Littafin Firistoci sura 25, an yarda Balawe ya sayar da gidansa ya kuma fanso shi, amma filin kiwon da ke kewaye da gari an hana sayar da shi sam. Tun kafin su shiga ƙasar aka ba da wannan umarni, tun ba a aza tubali ko ɗaya ba. Tun ran gini ran zane.

Saboda haka ina roƙonku abu huɗu.

Na ɗaya, kafin damina ta faɗi, ku zaga da ƙafa ku san filayen da suke na gari duka: burtali, bakin rafi, kurmi, makabarta, filin makaranta. Ku tafi da tsofaffi, gama su ne suka san iyaka. Ku tafi da mata, gama su ne suka fi bin hanyoyin.

Na biyu, kada ikkilisiya ta yi wannan ita kaɗai. Ku gayyaci mai unguwa da dagaci, da maƙwabtanmu Musulmi, da Ardo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma iyakar da aka ja ba da sanin maƙwabci ba, rigima ce aka shuka.

Na uku, ku rubuta abin da kuka yarda a kai, kowa ya sa hannu, ku kai ƙaramar hukuma. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da takardar izinin riƙe fili a karkara, har da filin kiwo. Sa'an nan ku dasa itatuwa ko ku kafa duwatsu a kan iyaka.

Na huɗu, ku sa a cikin takardar cewa ba mutum ɗaya da zai iya sayar da filin, ko sarki ne, ko dattijo, ko fasto. Sai gari ya taru.

Wannan ba ƙin ci gaba ba ne. Muna son hanya, muna son asibiti, kuma wanda ya sayar da gonarsa domin kuɗin makaranta ba mu hukunta shi ba. Amma dillalin fili ba ya zuwa sai farashi ya tashi, kuma a ranar nan magana takan yi wuya ko tsakanin wa da ƙane. Yau da filin bai yi tsada ba, yau ne ranar shawara.

Ina roƙon kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum uku, har da mace, su kawo mana jerin filayen garinsu a taro mai zuwa. Ofishinmu zai taimaka da awo da rubutu.

Ubangiji ya ba mu hikima mu riƙe amanar da ya danƙa mana. Amin.