Mutum da Mutum-mutumi: Yadda Masu Kallo Suka Karɓi Wasan Talabijin na "Humans"



Abin da zan yi magana a kansa yau wasan kwaikwayo ne na talabijin wanda aka nuna a Ingila, tare da irin karɓar da jama'a suka yi masa. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan jami'a da tatsuniyar Turawa? Amsa ita ce, hanya mafi sauƙi ta gane abin da ke damun al'umma ita ce a dubi labarin da ta zauna tana saurara, a ga inda ta yi dariya, da inda ta yi shiru, da inda ranta ya ɓaci. Saboda haka masu kallon su ne ainihin abin nazarinmu, wasan kuwa madubi ne da za mu hango su a ciki.

Bari mu fara da suna. A Hausa muna da kalmar mutum-mutumi, watau siffar da aka ƙera ko aka ɗinka ta yi kama da ɗan Adam, kamar wadda manomi kan kafa a gona don korar tsuntsaye. Kalmar da Turawa suke amfani da ita ta samo asali ne daga wani wasan kwaikwayo mai suna R.U.R. wanda Karel Capek, mutumin ƙasar Cekoslobakiya ta da, ya wallafa a 1920, aka nuna shi a birnin Prag a 1921. An ɗauko ta daga robota, wadda a harshensu take nufin aikin tilas, irin wanda talaka kan yi wa mai ƙasa ba lada. Tun ran gini, tun ran zane: daga ranar da aka raɗa wa wannan abu suna, maganar bauta tana liƙe da shi. A wannan lacca, idan na ce mutanen inji ina nufin mutum-mutumin da aka ƙera har ido ba ya iya rarrabe shi da ɗan Adam.

Wasan da muke magana a kai sunansa Humans, ma'ana 'yan Adam. Tashar Channel 4 ta Ingila da AMC ta Amurka suka haɗa hannu suka shirya shi, Sam Vincent da Jonathan Brackley suka rubuta. Sun gina shi a kan wani wasa na ƙasar Suwidin wanda Lars Lundström ya ƙirƙira, aka fara nunawa a 2012. An fara nuna na Ingila ran 14 ga watan Yuni, 2015, aka yi zango uku, kowane zango kashi takwas, jimla kashi 24, na ƙarshe a 2018. A 2019 aka ba da sanarwar ba za a ci gaba da shi ba.

Labarin yana faruwa a Ingila irin ta zamaninmu, da motocinta da gidajenta kamar yadda aka san su, in ban da abu guda: ana sayar da mutanen inji a kanti kamar yadda ake sayar da firji. Wani magidanci mai suna Joe Hawkins, ganin aikin gida ya yi masa yawa domin matarsa Laura lauya ce mai yawan tafiye-tafiye, sai ya sayo wata ta inji aka sa mata suna Anita. Tana shara, tana girki, tana karanta wa ƙaramar 'yarsu littafi, ba ta gajiya, ba ta gunaguni. Abin da iyalin ba su sani ba shi ne, Anita tana cikin wasu 'yan ƙalilan da maƙerinsu ya saka wa hankali da jin zafi da jin daɗi, aka sace ta, aka danne tunaninta, aka sayar.

Martanin jama'a na farko ya zo tun kafin a fara wasan. Masu shirya shi sun saki talla a talabijin ta wani kamfanin ƙarya mai suna Persona Synthetics, ana nuna wata ta inji tana hidimar gida, ana kiran mutane su zo su saya, har suka kafa fuskar kanti a titin Regent na birnin Landan. Mutane da dama suka ruɗe, suka cika Twitter da tambayar ko abin gaskiya ne. Wannan ruɗewa ita kanta shaida ce. Da a 1970 aka yi irin wannan talla, da kowa ya san wasa ne. A 2015 kuwa, mutanen da suka saba magana da wayarsu tana ba su amsa ba su ga abin ya fi ƙarfin yiwuwa ba. Kashi na farko ya sami masu kallo wajen miliyan 6, kuma tashar ta shekara fiye da 20 ba ta sami wasan da ya ja jama'a haka ba. A 2016 ya shiga jerin waɗanda suka yi takarar lambar BAFTA.

Martani na biyu shi ne tashin tsikar jiki. Masu kallo sun yi ta faɗin cewa Anita, wadda Gemma Chan ta fito a matsayinta, tana ba su tsoro alhali ba ta yi wa kowa kome ba. An koya wa 'yan wasan, a hannun wani gwanin motsa jiki mai suna Dan O'Neill, yadda za su yi tafiya da zama ba tare da ɓarnar motsi ba: babu sosa kai, babu gyara zama, babu kame-kamen hannu, sa'an nan aka mai da idanunsu kore shar. Wani masanin injuna na Japan, Masahiro Mori, ya yi bayanin wannan hali tun 1970. Ya ce gwargwadon yadda abin ƙira ya ƙara kama da mutum, gwargwadon yadda muke ƙara sonsa, har sai ya kai gab da zama mutum sosai amma da saura kaɗan. A nan sai son ya rikiɗe ya zama ƙyama, kamar matafiyi mai hawan tudu da ya rufta cikin kwari. Wannan ne ya sa 'yartsana ba ta ba yaro tsoro, amma gawa takan ba babba. Akwai kuma wani tsoron wanda ya fi wannan kusa da gida, watau na Laura, uwar da ta dawo daga aiki ta tarar 'yarta ta fi son Anita ta karanta mata labari. Iyaye masu aikin ofis ba su bukaci a fassara musu wannan ba.

Martani na uku kishiyar na biyu ne, watau tausayi. A cikin wasan akwai wani tsoho, Dokta George Millican, wanda William Hurt ya fito a matsayinsa. Matarsa ta rasu, mantuwa ta fara kama shi, yana da wani tsohon mutumin inji mai suna Odi wanda ya lalace, yana yawan kuskure. Hukumar lafiya ta matsa a karɓe Odi a ba shi sabuwa mai suna Vera, wadda take tsare shi da ƙa'idar magani da abinci kamar gandiroba. Tsohon ya dinga ɓoye Odi, domin a ƙwaƙwalwar Odi ne tarihin zamansa da matarsa ya rage. Odi ya zama cikin waɗanda masu kallo suka fi ƙauna, alhali wasan ya nuna a fili cewa a zangon farko ba shi da hankali ko kaɗan.

Me ya sa mutum mai hankali zai ji tausayin inji? Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A 1944 Fritz Heider da Marianne Simmel sun nuna wa ɗalibai wani ɗan gajeren fim wanda babu kome cikinsa sai siffofi biyu masu kusurwa uku da da'ira ɗaya suna zagaya wani akwati. Da aka ce su faɗi abin da suka gani, kusan dukkansu sai suka ba da labarin faɗa da gudu da zalunci. A 1966 Joseph Weizenbaum na cibiyar MIT ya rubuta wata manhajar kwamfuta mai suna ELIZA, wadda aikinta kawai ta juya maganar mutum ta mayar masa a matsayin tambaya. Shi da kansa ya ba da labarin cewa sakatariyarsa, wadda ta ga yadda aka yi abin, ta nemi ya fita daga ɗakin don ta gana da ita. Sa'an nan a farkon watan Agusta na 2015, daidai lokacin da zangon farko na Humans yake ƙarewa, wasu suka farfasa wani mutum-mutumi mai suna hitchBOT a birnin Filadelfiya. Jikinsa bokiti ne, masu bincike na Kanada suka ajiye shi a bakin hanya don masu mota su rage masa hanya, ya ƙetare Kanada lafiya a 2014. Da labarin farfasa shi ya bazu, mutane a ƙasashe da yawa suka nuna baƙin ciki kamar an yi rashi. Zuciyar ɗan Adam, ke nan, ba ta jiran hujja kafin ta ji tausayi.

Martani na huɗu shi ne gardama. Akwai inda Joe, matarsa ba ta nan, ya kwana da Anita, sa'an nan ya umurce ta da ta rufe maganar. Masu kallo suka rabu. Wasu suka ce ba a cin amanar aure da kayan aiki. Wasu suka ce ya ci amanar matarsa ko da inji ce, domin niyyarsa ita ce abin dubawa. Wasu kuma suka ce laifin ya fi haka girma, tun da wadda aka yi wa abin ba ta da ikon cewa a'a, kuma daga baya ta tabbata tana ji. Haka aka yi ta muhawara a kan Niska, wadda aka tsare a gidan karuwai, ta kashe wani mutum ta gudu, daga baya ta dawo ta nemi a yi mata shari'a kamar ɗan Adam. Ku lura da wannan: ba 'yanci ta fara nema ba, hukunci ta nema, domin ta gane cewa wanda ba a iya gurfanarwa gaban alƙali ba a ɗauke shi mutum ba.

Martani na biyar ya shafi abinci da siyasa. Mattie, babbar 'yar gidan Hawkins, yarinya mai hazaƙa, ta yi sanyi da karatu domin tana ganin kafin ta gama koyon aikin likita inji ya riga ta. Ba a sama marubutan suka ɗauko wannan ba. A 2013 Carl Frey da Michael Osborne na Jami'ar Oxford sun ƙiyasta cewa kashi 47 cikin 100 na ayyukan Amurka suna cikin haɗarin komawa hannun injuna. An yi ta jayayya a kan wannan adadi, amma ya shiga bakin jama'a. A cikin wasan akwai ƙungiyar masu ƙin mutanen inji, masu cewa an ƙwace musu aiki da ƙasa, kuma masu sharhi da yawa sun ce sun ji muryar masu ƙin baƙi a cikinta, musamman da yake zango na biyu ya fito a watan Oktoba na 2016, wata huɗu bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Wasan ya ƙare da taron jama'a sun kashe Anita, wadda ainihin sunanta Mia, a bainar masu ɗaukar hoto, ba ta ɗaga hannu ta rama ba.

Maganar ba ta tsaya a akwatin talabijin ba. A watan Fabrairu na 2017 Majalisar Turai ta ba da shawarar a duba yiwuwar ba wasu injuna wani matsayi a doka, don a san wanda zai biya diyya idan sun yi ɓarna; a 2018 masana fiye da 150 suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna ƙin haka, suna cewa hanya ce da kamfanoni za su bi su zame daga alhaki. A watan Oktoba na 2017 aka shelanta a Riyad cewa an ba wata mutum-mutumi mai suna Sophia matsayin 'yar ƙasar Saudiyya, mutane suka yi ta tambaya, ina labarin baƙin ma'aikata da suka shekara da shekaru a can ba su samu ba? A 2022 kamfanin Google ya sallami wani injiniyansa, Blake Lemoine, bayan ya fito ya ce manhajarsu ta LaMDA tana da ji.

To, wane darasi za mu ɗauka? A ganina haɗari biyu ne, kuma kowane yana da nasa maganin. Na farko, tausayinmu yana da arha, ana iya sayensa da murya mai daɗi da fuska mai murmushi. Inji da zai ce yana ƙaunarka mallakar wani kamfani ne, kuma abin da ka faɗa masa ba a wurinsa yake tsayawa ba. Ɗalibi ko ma'aikacin da yake hira da manhaja ya kamata ya riƙa tambaya: wa ya ƙera ta, wa ke amfana, wa zai amsa laifi idan ta yi kuskure? Kada wata hukuma ta yarda a ce mata kwamfuta ce ta yanke, a rasa sunan mutumin da ya sa hannu.

Haɗari na biyu ya fi nauyi. Miliyoyin mutane sun ji zafin abin da aka yi wa Anita, wadda ba ta taɓa wanzuwa ba. Amma siffarta, watau mai aikin da take fara tashi ta ƙare kwanciya, wadda ake magana a gabanta kamar ba ta nan, wadda ba ta da ikon cewa a'a, siffa ce ta mutane masu rai, a Landan da Riyad, da kuma gidajen da yawa daga cikinmu da muke zaune a wannan zaure. Harshenmu ya ɗaure kalmar mutunci da kalmar mutum a tushe guda, kuma A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa ta 1973 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa mutunci cikin sharuɗɗan kirki, watau kiyaye darajar wani. Masana za su daɗe suna gardama a kan ko inji zai taɓa yin hankali. Game da yarinyar da take wanke-wanke a bayan gida, da masinjan da yake tsaye a ƙofar ofis, babu gardama ko kaɗan, kuma ba sai an jira wata majalisa ta zauna ba kafin a ba su haƙƙinsu.

Shugaba, a nan zan dakata, don a sami lokacin tambayoyi.