Amsoshin Wasiƙunku: In Na'urar Insulin Ta Tsaya A Hanya

Wasiƙarmu ta yau daga Magama Jibiya ta fito, daga wani ɗan kasuwa mai bin hanyar Maraɗi. Ɗansa na da ciwon suga, ƙanensa kuma ya aiko masa daga Turai da na'urar nan da ake maƙalawa a ciki, mai ɗiga insulin da kanta. Yana tambaya, in ta tsaya suna bakin iyaka, yaya za su yi?

To Alhaji, ka yi tambaya a kan gaɓa. Insulin ɗin cikin na'urar mai saurin aiki ne, mai saurin ƙarewa. In ta tsaya, cikin awa 4 zuwa 6 suga zai hau, jini ya fara gurɓacewa. Kada ku ce sai an gyara ta.

Tun kafin tafiya, ku je Babban Asibitin Jibiya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, likita ya rubuta muku a takarda: awo nawa na insulin mai daɗewa, wanda ke riƙe jiki dare da rana, awo nawa kuma na mai sauri a kowane cin abinci. Kada a yi kintace, kada a ari awon wani.

Guzurinku ya haɗa da insulin iri biyun nan, da sirinji, da abin gwajin suga da batirinsa. Ku duba kwalba: in an rubuta U-100, sirinjin ma ya zama U-100. Wanda ya zuba irin wannan a sirinjin U-40 ya ninka allura sau biyu da rabi.

Babu firij? Binciken Jami'ar Geneva da likitocin MSF na 2021 ya nuna insulin da aka buɗe yana jure zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37 har mako huɗu. Amma a sa shi inuwa, gindin randa, ban da gaban mota.

In yaro ya kama rawar jiki da gumi bayan allura, suga ya faɗi: a dama masa sukari ƙaramin cokali uku. In kuwa amai ne da ciwon ciki da numfashi sama-sama, sai asibiti nan take.

Ka tuna, Alhaji, an rufe iyakar nan a Agustan 2023, Nijeriya ba ta buɗe ba sai Maris 2024. Saboda haka a riƙe magani fiye da kwanakin tafiya. Allah ya ba yaro lafiya, amin.