JAWABI A KAN ILMIN JAMI'A DA LAFIYAR RUWAN SHANMU



Muna taya ku murnar cika shekara 50. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, ita ma ta cika hamsin a 2025, saboda haka tsararku ce. An ce mu yi magana a kan abin da binciken jami'a ya amfana wa mutumin ƙauye. To, ga misali.

Dattawan da ke nan sun san kurkunu. Mutum ya sha ruwan kududdufi, bayan kamar shekara guda tsutsa ta ɓullo masa a ƙafa, ya kwanta daidai lokacin noma. A 1988, da aka bi gari-gari aka ƙidaya, an sami masu ciwon fiye da 650,000 a Nijeriya. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Bincike ne ya gano cewa wasu ƙananan ƙwari na cikin ruwa ke ɗauke da shi, kuma ƙyallen tacewa na tare su. Mata suka riƙa tace ruwa, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka hana mai ciwo shiga tafki. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar kurkunu ya ƙare a ƙasar nan.

Amma da sauran aiki. Tsargiya, wato fitsarin jini, tana nan. Dodon koɗi ne ke rainon tsutsarta a ruwa mai kwanciya, ta shiga ta fatar yaro yana wanka. Duk inda yara ke iyo, ko a kududdufan Bodinga ko a bakin madatsar ruwa ta Shagari, a sa ido. Kada a ce alamar balaga ce. Ciwo ne, yana lalata mafitsara, kuma ƙwayar praziquantel na maganinsa.

Roƙonmu biyu ne. In malamai da ɗaliban kiwon lafiyar al'umma sun zo ɗiban ruwan rijiya ko gwajin fitsarin yara, ku tambaye su dalili, ku ba su haɗin kai, ku kuma nemi su dawo su gaya maku sakamako. Na biyu, ku tura 'ya'yanku, maza da mata, su karanta wannan fanni, domin ɗan gari shi ya san inda garinsu ke ɗiban ruwa.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai mu wata hamsin ɗin lafiya.